Yadda na bi diddigin ɗan ƙwaron gonar wake har na gano sunansa

Ƙwaron da zan ba da labarinsa tsawonsa milimita biyu ne, ko ƙasa da haka kaɗan. In ya sauka wa mutum a riga, kaɗe shi zai yi ya wuce, bai ma san mai rai ya kaɗe ba. Amma kafin in iya rubuta sunansa a takarda in sa hannu, sai da na yi kiwonsa tun yana tsutsa, na kashe shi, na kwantar da shi rigingine, daga ƙarshe na fasa cikinsa da tsinin allura.

Binciken digiri na biyu ne ya haɗa mu. Malamina ya ɗora ni a kan ƙwarin da ke cin darɓa a gonakin wake na ƙasar Zazzau. Darɓar wake ita ce 'yar baƙar halittar nan da ke yin cincirindo a kan tofo da fure, tana tsotse ruwan shuka tana barin danƙo. Masana na kiranta Aphis craccivora. Ita ce kuma ke yaɗa cutar da ke ƙudundune gyaɗa, wadda a 1975 ta lalata kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, don haka ba abar rainawa ba ce. Manyan masu cinta kowa ya san su ko da bai san sunansu ba: ƙwarin nan masu ƙoƙon baya mai sheƙi, ja ko rawaya da zanen baƙi, 'yan gidan Cheilomenes. Waɗannan daga tsaye ake gane su. Amma danginsu, Coccinellidae, na da jinsi wajen 6,000 a duniya, kuma da yawa daga ciki ba masu ado ba ne. Ƙanana ne, masu gashi, launin ƙasa ko baƙi, irin waɗanda ɗalibai kan tara a layi guda can ƙasan jadawali su rubuta "da sauransu". Malamina ya ce ba zai karɓi wannan daga hannuna ba.

A gonar kawuna na fara cin karo da shi. Ruwa ya yi kwanaki bai sauka ba, irin lokacin da darɓa ke samun sakewa, na iske Kawu goye da famfon feshi.

"Ɗan nan, zo ka ga sabon salo," in ji shi. "Baƙar ba ta ishe mu ba, ga wata fara ta shigo."

Ya lanƙwaso mini tofon wake. A tsakiyar darɓar ga wasu abubuwa farare fat, jikinsu duk tsiri-tsirin kaki. Kallon farko kowa zai ce farin ƙwaron nan ne mai tsotson rogo da gwanda. Na sa tsinke na taɓa ɗaya, sai ya zabura ya bi jijiyar ganye da sauri. Mai tsotson rogo ba ya haka, shi in ya kafa baki a shuka ko ka zungure shi da ƙyar yake motsi. Na ciro gilashin ƙara girma na duba wani, sai ga shi ya cafke darɓa, yana ɗura mata ruwan cikinsa yana zuƙewa, tana kumbura tana motsewa, har ya yar da fanko ya nufi ta gaba. Tururuwan da ke gadin darɓa saboda zaƙin da take fitarwa suna bi ta kansa suna wucewa, alhali in suka samu tsutsar Cheilomenes, wadda take tsirara, cizo suke kai mata. Amfanin kakin ke nan.

"Kawu, a yi mini alfarmar kunya biyun ƙarshen nan, kada a fesa."

"Na ba ka. In waken ya lalace ka san wanda zai biya."

Tsutsa ba ta kai mutum ga suna, domin kusan duk mabuɗan tantancewa, wato jerin tambayoyin da ake bi a kai ga suna, a kan balagaggen ƙwaro aka gina su. Dole sai an yi kiwo. Na fara da ɗaukar hotonsu da ransu, don da zarar an jefa irin wannan tsutsa a sifirit kakin yake zubewa, a bar ka da wata aba tsirara da ba ka gane ba. Sannan na raba su, kowace da 'yar robarta, na rufe baki da yadi mara kauri, ina sa musu sabon tofo mai darɓa kullum safiya. Rabawar ba tsirfa ba ce. In abinci ya yi ƙaranci junansu suke ci. Tsutsar kan sauya fata sau uku tana girma, sannan ta manne gindinta a ganye ta daina ci, ta kwanta cikin tsohon kakinta. Wasu ba su tashi ba, sai suka ƙandare suka yi duhu, daga bisani ƙananan zanzaro 'yan gidan Homalotylus suka huda suka fito. Ashe tun a gona uwarsu ta yi ƙwai a cikin tsutsar. Su ma na adana su, amma nasu labarin daban.

Waɗanda suka tashi lafiya sun fito fari-fari, jiki lagwai-lagwai. Ba a kashe ƙwaro a wannan hali. Sai an bar shi ya yi kwanaki yana ci, launinsa ya zauna, jikinsa ya yi ƙwari, in ba haka ba kayan cikin da ake buƙata ba su nuna ba. Na kai wa Kawu ɗaya a kwalba, ya ɗaga ta ga rana ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne ya fito daga waccan farar? Allah mai iko." Na ƙara da manya daga gonar kai tsaye: a tara farin faranti a ƙarƙashin shuka, a buge ta da sanda, abin da ya faɗo a zuƙe shi da kwalba mai tiyo biyu. Da sanyin safiya ake yi. In rana ta ɗaga kafin ka sunkuya sun tashi.

Ƙwaro mai wannan ƙanƙanta ba a soke shi da allura, rabewa zai yi. Ana yanka farar takarda mai kauri 'yar siririya mai kusurwa uku, a lanƙwasa tsininta kaɗan, a ɗiga ƙaro, a manna ta a haƙarƙarinsa na dama, sannan a soke allurar a gindin takardar. Ƙaro ya fi sauran gam saboda ruwa na narkar da shi in an so cire ƙwaron daga baya. Abin kiyayewa shi ne kada ɗigon ya malala ya rufe ƙirji da ciki, don a can aikin yake.

A madubin likita mai ido biyu, ta baya, ga abin da na gani: jiki mai ɗan tsawo, lulluɓe da gajeren gashi mai haske, fukafukan sama launin ƙasa mai ɗan ja, da baƙin zane da ya bi tsagar tsakiya, mai faɗi a wuya yana tsukewa zuwa baya. Na buɗe intanet na samu hotuna masu kama da shi da sunaye daban-daban, kowanne an rubuta shi da ƙarfin gwiwa. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, wanda duk muke kira Baba, ya leƙa kwamfutar ya leƙa madubin ya ce, "Malam, kama da wane ba ta wane. Juya shi." Gaskiyarsa kuwa. A cikin waɗanda na yi kiwo daga tofo ɗaya ma akwai wanda zanensa ya kusa ɓacewa, akwai wanda duhun ya bazu har gefe. Launi a wannan dangi shaidar zur ce sau da yawa.

Da na juya shi, tambaya ta farko ita ce ko ɗan dangin ne ma. Ƙarshen ƙafarsa gaɓa uku ake gani, amma in an ƙara ƙarfin madubi akwai ta huɗu 'yar ƙil a ɓoye a gindin ta ƙarshe. Ƙahonnin jinsa gajeru ne masu kauri a kai. Sannan a gaɓar farko ta ciki, bayan inda ƙafar baya ta fito, akwai wani siririn layi a kowane gefe. Waɗannan tare sun tabbatar da shi a Coccinellidae. A nan zan ɗan ratse: kasancewa a dangin bai sa ƙwaro ya zama abokin manomi ba. Akwai 'yan uwansu masu gashi, manya, launin lemo da ɗigo baƙi, da ke kankare ganyen kankana da guna da masara. Duk wanda ya ce wa manomi "in ka ga mai ɗigo-ɗigo kada ka taɓa" bai gama yi masa bayani ba.

Daga nan sai mabuɗi, wato jerin tambayoyi bibbiyu, kowace amsa ta tura ka gaba. Gashin baya ya fitar da Cheilomenes da Hyperaspis, su sumul suke. Goshinsa bai faɗaɗa ya tokare gaban idanu ba, don haka ba Chilocorus ko Exochomus ba ne. Sauran gidaje huɗu masu kama da juna su ne suka ɗauki lokaci. Stethorus, mai cin jan gizo-gizon tumatir, baƙi ne ƙirin kuma ƙirjinsa yana turowa gaba ya rufe baki. Nawa bakinsa a fili yake. A tsakiyar ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba, 'yan gidan Scymnus na da ƙananan tudu biyu a miƙe, 'yan gidan Nephus ba su da su. Ganin waɗannan tudu sai an karkato fitila ta haska daga gefe don su yi inuwa, haske daga sama shafe su yake. Ranar da babu wuta, tocilan ɗin waya da farar takarda a gabanta ta yi aikin. Nawa yana da su.

Sai layin nan na bayan ƙafa, wanda a wurina shi ne alama mafi daɗin dubawa. A gidan Diomus layin na gangarawa ya haɗe da bakin gaɓar ya bi shi. A reshen Pullus na gidan Scymnus yana yin cikakken baka, ya tashi daga gindin gaɓar ya zagayo ya koma. A ainihin reshen Scymnus kuwa yana gangarowa, ya lanƙwasa zai koma sama, sai ya ɓace a hanya bai kai ba. Na ɗaga cinyar da tsinin allura, ga layi ya lanƙwaso ya tsaya a rabi. Gida ya samu, reshe ya samu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Scymnus, wanda Kugelann ya kafa a 1794, shi ne gida mafi yawan jama'a a dangin, jinsinsa sun haura 800. Da yawansu ta waje ba su da maraba. Abin da ke raba su shi ne al'aurar namiji, domin sassanta masu tauri ne, siffarsu ba ta sauyawa da abinci ko zafi ko sanyi yadda launi ke yi.

Tukuna sai an ware maza. Namiji yakan fi hasken fuska, kuma bakin gaɓar ƙarshe ta cikinsa na da 'yar loɓawa, ta mace kuwa a zagaye take. Na ɗauki namiji ɗaya na jefa a ruwan ɗumi, ƙaron ya narke, gaɓoɓi suka saki. Na danne shi rigingine da lallausan buroshi, na zura siririyar allura tsakanin ƙirji da ciki na ɓalle cikin gaba ɗaya. Sauran jikin na mayar kan takardarsa. Cikin kuma na sa shi a ruwan KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ya kwana. Wannan sinadari na cinye nama da kitse ya bar masu tauri. In ana sauri ana iya ɗumama shi na 'yan mintuna, amma in ya wuce kima komai sai ya yi fari ya yi laushi har a kasa ganinsa, shi ya sa na fi son na sanyi. Da safe na ɗauraye da ruwa mai ɗigon binigar, na mayar cikin ɗigon gilisarin a kan gilashi.

Wannan mataki shi ne ke gwada haƙurin mutum. Hannu biyu, allura biyu, ido a madubi, gwiwar hannu a kafe a tebur. An kashe fanka, an rufe taga, kuma ba a yin numfashi ta wajen gilashin. Na tsaga fatar saman cikin a hankali, sai ga abu ya bayyana launin zuma. Sassa biyu ne a sarƙe. Na farko doguwar siririyar tsinka ce a lanƙwashe kamar lauje, da ɗan kai mai kunnuwa biyu a gindinta. Ita ce ke shiga jikin mace. Na biyu shi ne mazauninta: harshe guda a tsakiya, da hannaye biyu a gefe masu gashi a ƙarshe. Ana zare tsinkar daga mazaunin ta baya, a bi lanƙwasarta, in aka ja a miƙe tsinin ya karye, kuma tsinin nan shi ne rabin shaidar. Duk kayan ba su wuce milimita ɗaya ba. Abin da ake dubawa shi ne siffar tsinin, da siffar kan gindin, da tsawon harshen tsakiya in an gwada shi da hannayen, da yadda yake ta gefe, a miƙe ko a karkace. Na zana su da fensir ta ƙasa da ta gefe, sannan na kafa wayata a idon madubin na ɗauki hoto. Zanen ya fi hoton amfani, don mai zane dole ya yanke shawara a kan kowane layi, kyamara kuwa ba ruwanta. Na maimaita da wasu mazan, har da mai haske da mai duhu. Duk abu ɗaya suka nuna.

Saura a samo wanda ya taɓa zana irin wannan. A nan ɗalibin Afirka ke gane inda yake tsaye. Waɗanda suka raɗa wa yawancin ƙwarinmu suna Turawa ne, irin su Mulsant da Weise da Sicard da Mader, daga baya Helmut Fürsch na Jamus, kuma da Faransanci da Jamusanci da Latin suka yi rubutun. Samfuran asali da sunayen suka rataya a kansu suna ajiye a Landan da Faris da Balin da Tervuren ta Beljiyam. Bayanin tsofaffin kuma launi ne da girma kawai, babu zanen al'aura. Ma'adanar ƙwari ta Samaru ta taimaka mini wajen ganin abin da aka taɓa kamawa a yankin, amma kwatanta ƙwaro da ƙwaro ta baya bai wuce inda na riga na kai ba. Zanen da ya dace da nawa a takardun masanan Indiya da Sin da na ƙasashen Bahar Rum na same shi, duk a ƙarƙashin jinsi ɗaya mai faɗin ƙasa, wanda ake samu tun daga tsibiran Atilantika, ya ratsa Afirka da Gabas ta Tsakiya har gabashin Asiya. Na aika zane da hotuna ta imel ga wata masaniyar dangin a ƙasar waje. Ta nemi in sake ɗauko mata tsinin daga wata kusurwa, na ɗauko, ta amince.

Sunansa Scymnus nubilus Mulsant, 1850. Étienne Mulsant mutumin Faransa ne da ya yi aikinsa a birnin Lyon, kuma a babban littafinsa na wannan shekara ya ba ƙwaron nan suna har biyu bai sani ba, daga samfuran da suka zo masa daga wurare daban-daban: nubilus da levaillanti. An daɗe ana amfani da duka biyun, masu bincike a Indiya na rubuta na farko, na Turkiyya da Masar na rubuta na biyu, kafin a gane abu ɗaya ne. Dokar sunayen dabbobi, wadda ke fara lissafi daga 1758, ta ce wanda ya riga fitowa shi ke da gida. In kuwa tare suka fito, masanin da ya fara haɗa su ya zaɓi ɗaya shi ake bi. Yau nubilus ake rubutawa. Amfanin sanin wannan a wurina a aikace yake: da na nemi bayani da tsohon sunan, sai ga gwaje-gwajen da aka yi a Turkiyya kan yadda yake cin darɓar auduga da yadda zafi ke gaggauta girmansa, waɗanda sabon sunan kaɗai ba zai kawo mini su ba.

Wani abokina mai nazarin ƙasa ya taɓa tambayata ko duk wannan wahala a kan suna ba ɓata lokaci ba ne, tunda an riga an ga yana cin darɓa. Labarin rogo na ba shi. Farin ƙwaro mai tsotson rogo ya bayyana a yankin Kwango a 1973, ya bazu yana cinye gonaki, Danièle Matile-Ferrero ta ba shi suna Phenacoccus manihoti a 1977. Aka tafi nahiyar Amurka neman abokan gabarsa, aka kwaso su daga jikin wani ƙwaro da aka ɗauka shi ne, suka ƙi hayayyafa a kan na Afirka. Sai a 1981 Cox da Williams suka nuna wancan jinsi ne daban, suka kira shi Phenacoccus herreni. Na gaskiyar a Faraguwai Anthony Bellotti ya gano shi, daga can aka samo ɗan zanzaron nan Anagyrus lopezi, wanda ayarin Hans Herren na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ya saki a Ibadan a 1981, ya kuma shawo kan annobar.

Kowane samfuri na maƙala masa 'yan takardu biyu a allurarsa. Ta sama: ƙasa, jiha, ƙauye, ma'aunin wurin a taswira, kwanan wata, shukar da aka same shi, abin da yake ci, da wanda ya kama. Ta ƙasa: suna, wanda ya tantance, da shekara. Ana raba su ne don suna na iya sauyawa gobe, wurin kamu kuwa ba ya sauyawa. Al'aurar kowane namiji tana cikin ɗan mitsitsin bututu mai gilisarin, soke a allurar mai ita, ba a wani akwati daban ba. Akwatin kuma da kafur a kusurwa, don akwai ƙwarin da abincinsu busasshen ƙwaro ne.

Matan da na yi kiwo daga tofo ɗaya da mazan na ba su sunan, amma na rubuta cewa ta hanyar mazan aka kai gare shi. Wasu na ajiye su a sifirit mai ƙarfin kashi 96 cikin firiza, ko wata rana a samu kuɗin gwajin ƙwayar halitta, wanda ke karanta wani guntunta da ake kira COI mai harufa 658 da Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003. Ban ɗora wa gwajin buri mai yawa ba. Abin da yake yi shi ne ya gwada naka da abin da wasu suka zuba a rumbu, in wanda ya zuba launi ya bi ya sa suna, kuskurensa za a miƙo maka da lambar kashi 99.

Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da suka faɗo farantina daga bakin gonar, inda Kawu ya jera yakuwa. Ta baya sai a rantse 'yan uwan na farko ne, amma ƙirjinsu babu tudun nan biyu, ƙarshen ƙafarsu kuma gaɓa uku ce cif, babu ta ɓoye. Nephus ne, kuma duk mata. Takardarsu ta ƙasa sunan gida kawai ke kanta. Namijinsu nake nema yanzu, kuma a kan yakuwa da rama zan neme shi ba a kan wake ba, tunda 'yan wannan gida farin ƙwaro mai tsotso suka fi ci.